Hoton Ladi a Cikin Rami

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, a wajen walimar suna a Catford, na ga ɗayanku ya ɗaga waya sama yana ta dannawa kamar mai korar sauro. Da ya gama sai ya juyo ya ce mini, da Turanci kuma don ƙarin wulaƙanci, wai Kaka ai aikin da ka ƙare rayuwarka a kai ke nan, ga shi na gama kafin shayi ya huce. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da waina. Amma yau tunda kun zo kun cika mini falo, kowa ya kife wayarsa, sai kun ji.

Ni Inuwa, wanda tsofaffi suka sani da Inuwa Foto, a Sabon Garin Kano na koyi aikin nan, a hannun wani Bayarabe, Baba Lasisi, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko ko taɓa kyamara ban yi ba. Aikina wanke tasoshin magani, tace ruwa, da shanya hotuna a igiya kamar kayan jariri. In na matsa masa da tambaya sai ya zaunar da ni a ƙofar shago ya ce in gaya masa ta ina rana take bugun fuskar mai tallan goro. In na faɗa daidai ya yi shiru, in na kuskure ya ranƙwashe ni. A wajensa na gane cewa fim ɗin da ake kawo mana don fatar Bature aka yi shi. In ka bi abin da aka rubuta a jikin kwali, sai ka fito da ɗan'uwanka baƙi ƙirin, ido da haƙora kawai. Dole ka ƙara wa fuskarmu haske, kuma dole ka san iyakar ƙarin.

Kyamarata mai ido biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. A wuya ake rataye ta, ta kwanta maka a ciki, ka sunkuya ka leƙa ta sama kamar mai leƙa rijiya. Abin da ke dama a hagu za ka gan shi. Fim ɗaya hoto goma sha biyu ne, in ya ƙare ya ƙare, kuma ba ka sanin abin da ka ɗauko sai ka shiga ɗakin duhu ka wanke. Babu goge wannan a sake wani. Amarya ta ƙifta ido? To haka za ta zauna a bangon falo har jikokinta su zo su tarar.

Zuwana London ma dariya ce. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya ɗauko ni don in riƙa ɗaukarsa hoto a gaban manyan gine-gine. Ya gama sayayya ya koma, ni na maƙale. Na samu ɗaki a saman shagon wani mai aski a Peckham, na rataya labule, na ce ga situdiyo. Allah da ikonsa, lokacin ne kuɗin mai ya fara ɓarkewa a gida, gwamnati ta yi ta turo ɗalibai da ma'aikata kwas, jirgi bayan jirgi. Kowa ya sauka, abu na farko da yake nema hoton da zai aika gida. Masu hoton Turawa kuwa sai su mai da shi gawayi. Ba a daɗe ba sunana ya zaga.

Kayan aikina a shagon nan ba su da yawa, amma sun yi aiki. Akwai tarho wanda ba shi da waya a jiki ko ɗaya. Akwai kantar littattafai da na saya a gwanjo, rabinsu a kan kiwon alade ne, ba wanda ya taɓa dubawa. Sai wata babbar kwat ta sanyi mai gashi a wuya. Kai, kwat ɗin nan ta shiga ƙauyukan Arewa fiye da gwamna! Mutum ya zo yana rawar ɗari, jiya a ɗakin girkin wani otel ya kwana yana wanke tukwane, in sa masa kwat, in ɗora masa tarho a kunne, in ce, "Ɗaga haɓa, ranka ya daɗe, saki fuska, minista ne a layi." Sai ya yi dariya, ni kuma in danna. Uwarsa ta gani ta yi barci. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba, tausayi ne.

Muguwar shekarata ita ce wadda masu haƙar kwal suka yi yajin aiki, aka shiga ɗauke wuta a London. Mun baro ɗauke wuta a gida mun zo mun tarar da ita a ƙasar Sarauniya! Fitilun situdiyo suka mutu, maganin wanki ya yi sanyi ya ƙi ci, sai in cusa kwalbar a hammata in yi ta zagaye ɗaki har ta yi ɗumi. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Ni ma sai da na je na karɓi wankin kwanuka a wani otel wajen Aldwych da safe. Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na ja kujera zuwa bakin taga, na sa farin zanen gado a ɗaya gefen don ya mayar da haske, na koma karatun Baba Lasisi. Da wuta ta dawo ban ƙara yarda da fitila kamar da ba.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo ne ta hannun wata ɗaliba, Ladi, 'yar wajen Bukuru. Kirista ce, Hausarta kuwa ta fi ta wasunku nesa ba kusa ba. Duk ƙarshen zangon karatu sai ta zo cikin siket da kwat ɗinta, ta riƙe tarhon nan, in ɗauke ta, ta aika wa mahaifinta. Tana da wata dariya da mai askin ƙasa ke ji har ya ɗaga almakashi. Rannan sai ta shigo ba dariya, ta ƙi ma zama.

"Malam Inuwa, asirina ya tonu," in ji ta.

Ashe karatun da take yi na tono kayan mutanen da ne: a haƙa ƙasa a hankali a nemo gidajensu da tukwanensu, a san yadda suka rayu. Mahaifinta kuwa, Baba Pam, a ramin kuza ya ƙare ƙarfinsa, da diga a hannu da kwanon sarki a ka. Ya rantse babu ɗansa da zai riƙe shebur, shi ya sa ya tura su makaranta duka. Ita kuma ba ta taɓa yi masa bayani ba, tarhona ne ke yi mata magana. Sai ga kawunta Bitrus, ma'aikacin gwamnati mai yawan zuwa London, ya faɗo mata masauki ba sanarwa, ya ga takalman laka a bakin ƙofa, ya yi tambaya, ya koma gida ya kwashe duka ya faɗa.

"Yanzu Kawu ya dawo da saƙo," ta ce. "Wai Baba ya ce in haƙa nake so, akwai rami a bayan gida, ba sai gwamnati ta biya mini jirgi ba. In na gama zangon nan in tattara in koma, an yi mini maganar aikin ofis."

"To ke me kika ce?"

"Me zan ce, Malam? Ubana ne. In ya sake cewa in dawo, zan dawo. Amma Kawu zai koma ƙarshen bazara, ya yarda zai kai masa hoto ɗaya. Ina so Baba ya ga aikin da idonsa kafin ya yanke."

Malaminsu zai kai su tono wani tsibiri can arewa maso yammacin Scotland, mai ɗaukar musu hoto kuma matarsa na gab da haihuwa, ya ce ba inda za shi. Ladi ta ba da sunana. Na je na ga malamin, wani Bature siriri mai tsawon tsiya, a take muka sa masa Dogo. Ya duba hotunana ya ce in shirya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na nannaɗe fina-finaina a leda, na jera su a gwangwanin biskit, na zuba ɗanyar shinkafa a ciki don ta shanye laima. Na kuma ɗauki yajina, don na san halin abincin mutanen nan.

Jirgin ƙasa, mota, babban jirgin ruwa, sannan wani ɗan kwalekwale mai inji na masunta. Ni ɗan Kano, wanda ruwan da ya sani bai wuce kududdufi ba! Abin da na ci a London sai da na mayar wa kifaye, har da wanda na ci a Sabon Gari. Ladi na gefe tana ta ƙyaƙyata mini. Ina kwance ina salati sai na ji ta ce, "Malam, tashi ka ga ikon Allah." Na ɗago. Wani dutse ne ya miƙe tsaye daga cikin teku, ya yi fari fat kamar an shafe shi da farar ƙasa. Da muka matsa sai farin ya fara motsi. Tsuntsaye ne, daga ƙasa har sama, kowane a ɗan gurbinsa, ga kuka kamar kasuwar Kurmi ranar jajiberin salla, ga wari. Na manta da cikina, na ce Allahu Akbar da ƙarfi, har mai kwalekwalen ya waiwayo.

Tsibirin ko bishiya ɗaya babu. Gidaje kaɗan ne, tumaki sun fi mutane yawa. Tsakaninsu ba Turanci suke yi ba, suna da nasu yaren. Itace kuwa tunda babu, wata baƙar ƙasa suke yankawa su shanya su hura wuta da ita. A kan tudu ga wasu 'yan ɗakunan dutse birjik, kamar rumbunanmu, inda kakanninsu ke ajiye busasshen naman tsuntsu da ƙwai don damina da sanyi. An sauke mu ni da Ladi da wasu ɗalibai a gidan wata tsohuwa mai suna Mairi, ƙarama, mai kaifin ido. Ranar farko ta ga na shimfiɗa tawul a kan daɓe zan yi salla. Sai ta shiga ɗaki ta fito da fatar tunkiya ta shimfiɗa mini. Buzu, wallahi, irin na malamanmu! Matsalata ɗaya magariba. Rana ta ƙi faɗuwa, in yi alwala in zauna, in sake alwala, ita tana nan a rataye a bayan hazo. Ta kawo mana naman tsuntsu mai gishiri, na ba ta haƙuri na tsaya a kifi da ƙwai, ba ta ji haushi ba. Ta ce sai ta ɗanɗana yajina. Ta lasa, ta yi hawaye, ta sha ruwa, ta miƙo hannu a ƙara.

Ɗaukar tsuntsu hoto shi ne aikin da ya fi ƙasƙantar da ni. Dogo yana son hotunansu don ƙasusuwansu ne suka fi yawa a cikin tonon. Akwai wani gajere mai baki kala-kala, yana tafiya da ƙirji a gaba kamar sabon ɗan sanda, kuma a rami yake kwana kamar gafiya. Wannan mutumin kirki ne, in ka kwanta rub da ciki ka yi shiru, shi da kansa zai zo ya leƙa idon kyamara da kifi a jere a baki. Akwai wani fari mai fuskar salihai, na matsa kusa da sheƙarsa ina yaba shi, sai ya feso mini wani mai daga cikinsa. Warin nan, yara, sai da na jefar da rigar. Akwai kuma wani ƙato mai launin ƙasa da ke zuwa ta baya ya maka maka ƙafa a ka. Sau biyu yana cire mini hula kafin Mairi ta koya mini in riƙa ɗaga sanda sama da kaina, don abin da ya fi tsawo yake duka. Ga kyamarata mai juya dama hagu: tsuntsu ya yi gabas, ni in bi shi yamma. Ku da kuke cewa dannawa ce kawai, ina ma a kai ku can.

Ramin tonon yana bakin teku, inda yashi ya binne wani gida tun zamanin da ba wanda ya san sunan masu shi. A situdiyo ni ke gyara mutum, in ja masa wuyan riga, in karkata masa kai. A nan ko tsakuwa ba a yarda in taɓa ba. Inda abu yake shi ne labarinsa, in ji Dogo. Su share da burushi, a ajiye sandar awo mai ja da fari, ni in hau kan akwati in ɗauka daga sama. Na ga murhu da tokarsa, na ga dutsen niƙa da ɗansa, sak irin na gidanmu. Ladi ta miƙo mini wani tsingaro ta ce in sa babban yatsana a wani ɗan lotsi. Ya zauna daram. Yatsan wadda ta gina tukunyar ne. Na yi murna kamar na gamu da 'yar'uwa a tasha. Mairi ta zo ta ga dutsen niƙan, ta durƙusa tana kwatanta yadda kakarta ke yi, ta ja wata waƙa da yarensu. Ladi ta amsa mata da ta niƙan acca ta mutanensu. Ba wadda ta ji abin da ɗaya ke faɗa, amma kiɗan hannun ɗaya ne.

Hoton Ladi fa, wanda shi ne ya kawo ni, ya ƙi samuwa. Tun da muka sauka ake yayyafi da hazo. Duwatsu ba ruwansu, irin wannan hasken ma ya fi musu. Amma mutum? Duk lokacin da na leƙa sai in ga yarinya cikin rigar leda, a jiƙe, a takure, laka har gira. Abin da Baba Pam ke tsoro ke nan, in na aika masa wannan na gama da ita. Kullum sai ta dube ni, in ce gobe. Har Asabar ta ƙarshe ta zo ta wuce ana ruwa. Kwalekwale kuma Litinin da hantsi zai zo, kuma kafin ya zo dole a mayar da yashi a rufe ramin.

Ranar Lahadi na buɗe ido na ga rana. Sama garau, teku shuɗi, kowane dutse ya fito da kamanninsa. Na yi tsalle na suri kyamara. Ina kai wa ƙofa sai Mairi ta ɗora hannunta a kai, ta girgiza kai. Ashe mutanen nan ba sa wasa da Lahadi. Ba a noma, ba a wanki, ba a kamun kifi, ko ruwa tun Asabar ake ɗebowa, yaro ma ba ya yin fito da baki. Na garzaya wajen Dogo. Ya ce in muka karya musu wannan, ba za su ƙara barin kowa ya sa ko cokalin tono a ƙasarsu ba. Na koma wajen Ladi ina cewa mu lallaɓa ta bayan tudu, minti kaɗan ne.

"Haba Malam," ta ce. "Matar da ta shimfiɗa maka buzu? Kai in liman na huɗuba za ka buɗe shago?"

In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Na ajiye kyamara, raina a ɓace, na hau tudu na zauna ina kallon haske mafi kyau da na taɓa gani yana zubewa a banza. Daga ɗan cocinsu ana jiyo waƙa, mutum ɗaya ya ja, saura su amsa a hankali, kamar ɗalibai na bin malami. Manyan fararen tsuntsaye na naɗe fiffike suna faɗawa teku kamar an jefa mashi. Ban san lokacin da fushin ya sake ni ba. Rabon da in kalli abu da idona biyu ba ta cikin gilashi ba, har na manta. Da yamma na sauko, Ladi na zaune a ƙofa ta yi tagumi. Mairi ta zuba mana shayi, ta ce da guntun Turancinta, kamar da bango take magana, "Lahadi dai ba ta kwana. Ranar garin nan kuma ba ta jiran zakara."

Ranar Litinin ina sallame asuba gari ya riga ya waye, da sauran lokaci sosai kafin kwalekwale. Na fito na tarar kowa a tsaye, har Dogo da gashinsa a hargitse, har Mairi da mayafinta. Ladi ta ba su labari ashe. Muka gangara. Na tsara abin yadda na iya: Ladi a bakin rami cikin kwat mai tsabta, da allon rubutu a hannu, tana nuni da yatsa, Dogo da ɗalibai biyu Turawa a ƙasa riƙe da shebur. Dogo har da ƙara sunkuyawa wai don ya fi kama da lebura. Aka yi ta dariya, na danna. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Saura abu ɗaya kafin a rufe. A gefen murhun akwai rabin tukunya da Ladi ta gano, aka bar ta a wurin har a gama zane. Dogo ya ce ita ta samo, ita za ta ɗaga. Ta tuɓe kwat ta miƙa wa Mairi, ta sauka, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi da ɗan cokalin magina, ta shiga sassaƙe gefen a hankali. Ta manta da ni sam. Rana tana ƙasa-ƙasa, ta bugo ta gefe, ta kama rabin fuskarta, ta fito da kowane dutse na bangon. Dogo da Mairi sun sunkuyo daga sama, ba mai ko tari. Na leƙa kyamara, yatsuna sun ƙage don sanyi. Na jira. Ta zura hannu biyu a ƙarƙashi, tukunyar ta saki ƙasa, ta ɗago ta kamar mai karɓar haihuwa. A nan na danna, sau ɗaya.

Da muka dawo Peckham na shiga ɗakin duhu ina tsoron fina-finan sun lalace, don gishirin teku ya shiga ko'ina. Shinkafa ta yi aikinta, hotunan Ladi duka biyun suka fito. Na shanya su, na kira Ladi. Sana'ata ita ce in sa mutum ya yi kwarjini a idon danginsa, don haka na nuna na tsayen na ce, "Ga wanda za ki aika. Tsoho ya ga 'yarsa na ba Turawa umarni, magana ta ƙare."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Baba ya san rami, Malam. Zai dubi takalmina ya ga ba laka. Na gaji da tarho." Ta ɗora yatsa a kan na durƙuson. "Wannan."

Na ce to bari in ɗauke lakar kumatun da fensir, ba wanda zai gane. Ta ce ko ɗigo kada in taɓa. Na buga shi babba a takarda mafi kyau da nake da ita, na sa a tsakanin kwali biyu. Kawu Bitrus ya zo karɓa, ya buɗe, ya ja tsaki. "Ke dai kin so ki koma gida," ya ce. Ya sa a jaka ya tafi.

Sai da sanyi ya shigo sannan ya dawo London. Ladi ta roƙe shi su haɗu a shagona, wai ba za ta iya ji ita kaɗai ba. Kawu kuwa, Allah ya shirye shi, mutum ne mai son a jira shi. Ya cire safar hannu ɗaya bayan ɗaya, ya nemi shayi, ya yi ƙorafin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ba mu labarin sabuwar motarsa. Ladi na zaune a kujerar ɗaukar hoto, ta damƙe hannuwanta a cinya.

"Kawu, don Allah."

"To, na kai masa," ya ce. "Ya karɓa ya fita da shi tsakar gida inda ke da haske. Ya daɗe. Ya tambaye ni mene ne a hannunki, na ce tukunyar mutanen da. Ya ce wannan dogon fa, na ce malaminki ne. Ya ce, malamin na tsaye yana kallo, ita ce ke ɗagawa? Na ce haka na gani. Sai ya aika aka kira masa tsofaffin nan abokan raminsa, suka zauna suna miƙa wa juna, suna gardama a kan yadda aka yanke bangon. Ni dai har na gaji na shiga ciki."

"Ya ce in dawo?"

"Ki bari in faɗa yadda ya faɗa, don sai da ya sa na maimaita a gabansa." Kawu ya ajiye kofi, ya gyara murya. "Ya ce, ka gaya wa Ladi ta daina durƙusawa a kan ƙasa tsirara. Ta nemi buhu ta ninka ta sa a ƙarƙashin gwiwa. Aikin nan na shekaru ne, sanyin rami kuwa gwiwa yake fara ci."

Ladi ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa, na rasa kuka take ko dariya. Ni kaina sai da na juya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Can sai dariyar nan tata ta fashe, har mai askin ƙasa ya buga mana silin da tsintsiya. Ta share ido da bayan hannu, ta dube ni.

"Malam Inuwa," ta ce, "a ina ake samun buhu a garin nan?"